Shinge a Bakin Ramin Kamfani

Tudun Marke,
8 ga Janairu.

Zuwa ga Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina nan lafiya, ke da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar? Ki miƙa gaisuwata ga Baba Malam da Gwaggo da sauran mutanen Likoro. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗan zagaya tsakar gida, kada ki biye wa kwanciya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Gambo direba. Tun da wayarki ta faɗa bokiti ba ta magana sai ta lasifika, ni kuwa ba zan iya hira da matata duk gidan surukaina suna saurare ba. Shekaranjiya ina cikin cewa gidan ya yi mini faɗi sai na ji Baba Malam ya yi gyaran murya. Har yanzu in na tuna sai gumi ya karyo mini. Tun da Gambo yana bi ta wajenku in ya ɗauki kayan gwari, to ga takarda ga biro.

Rahmatu, in kin dawo yau ba za ki gane garin nan ba. Kin tuna ɗaliban da suka zo daga Zariya da kaka, suka yi ta ɗaukar hoto a bakin Ramin Kamfani muna yi musu dariya? Ramin da masu aikin titi suka fasa dutse tun muna yara, suka tafi suka bari ruwa ya cika shi. Inda Inna ke wanki, Fulani ke shayar da shanu, mu kuma muke jan ruwa da inji zuwa gonakin tumatir. To ashe wurin kallo ne, mu ne ba mu sani ba. Hoton nan ya zaga duniya a waya, wai ruwan shuɗi ne shar kamar na ƙasar waje. Ranar Lahadin da ta wuce na tsaya ƙofar makaranta na ƙirga mota tamanin da huɗu, daga Zariya, daga Kano, har da lambar Abuja. An ce baƙo raɓa ne. Namu dai ambaliya ce.

Ba na ƙin baƙi, Allah ya sani. Talatu mai masa, da take yini ba ta sayar da kwano ɗaya ba tun rasuwar mijinta, yanzu kafin hantsi ta kife tanda. Na yi mata murna. Amma mutum ɗari huɗu a garin da ba shi da banɗakin jama'a ko ɗaya, ina kike zaton za su? Gidajenmu. Ranar Asabar Inna ta ƙirga mutum goma sha tara da suka yi sallama suka nemi a ba su buta. Ba ta iya hana kowa ba, kin san ta. Wata ma da ta fito sai ta tambayi Inna ina sabulun wanke hannu mai ƙamshi. Leda da robar ruwa kuwa sun rufe lungun Awwalu maƙwabcinmu, har jar akuyar Inna ta haɗiyi leda, da ƙyar aka yanka ta. Ga kwalbatin shiga gari, wanda ko amalanke biyu ba sa giftawa a kansa, yanzu shi ne hanyar manyan motoci.

Mai Gari ya tara mu a ƙofar fada aka kafa kwamiti, aka ce ni ne magatakarda, wai malamin makaranta ne kuma rubutuna yana karantuwa. Mun yi awa uku muna gardama. Dattawa suka ce a fara da rijiyar burtsatse da ta mutu shekara biyu. Malama Firdausi ta ɗakin shan magani ta aiko a ce mata ruwa da wuta take so, don da fitilar waya take duba marasa lafiya. Awwalu ya dage a kan kwalbati, har ya tashi tsaye. Daga ƙarshe na rubuta duka, na ƙara da banɗaki da filin ajiye motoci a bayan gari da wurin zuba shara.

Jiya wani babban jami'i ya zo daga birni duba wurin, da farar hula da mutane biyar a bayansa. Na durƙusa na miƙa masa takardar. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, daga yau garin nan ya gama shan wahala." Ban ga ya karanta ba, amma dai ta shiga aljihu.

Tumatirinmu ya fara fure, gwanin sha'awa. In Allah ya yarda shi zai yi mana hidimar suna. Ki kula mini da kanki.

Naki,
Hamisu.

*

Tudun Marke,
3 ga Fabrairu.

Zuwa ga Rahmatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta kullum, da fatan jikinki da sauƙi. Na ga amsarki, na karanta ta ya fi sau biyar. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta saɓe. Ki gaida Baba Malam da Gwaggo, ki ce Inna ta gode da daddawa.

Kin tambaye ni ko an fara aiki. An fara, Rahmatu, an fara! Da ma ba a fara ba.

An ba wani kamfani hayar ramin, suka turo manaja, wani matashi mai suna Shamsuddeen, mai yawan murmushi, ba ya rabo da baƙin tabarau. Cikin mako uku sun gina ƙofa mai baka kamar ta shiga babban birni, sun shafe ta da shuɗin fenti, sun rubuta suna da Turanci. Yanzu ba Ramin Kamfani ba ne, wai Bulu Lek, wato shuɗin tafki. Inna ta ce ita sunan ya yi mata kama da na maganin tari. Sun kawo kwale-kwale huɗu masu siffar agwagwa. Sun kafa fitilun sola tun daga bakin titi har ƙofar, guda talatin da biyu, amma da suka zo kwanar ɗakin shan magani sai fitilun suka bi ta ɗaya hannun. Malama Firdausi tana hango haskensu ta taga.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shinge. Sun zagaye ruwan kaf da waya mai ƙaya. Ranar Talata na je gona na tarar da injina a wajen shinge, an naɗe mesa an ɗora a kai, da nawa da na Awwalu da na mutum goma sha ɗaya. Na je wurin Shamsuddeen. Ya ba ni kujera, ya ba ni lemo, ya ce ƙarar inji tana damun baƙi, kuma in muna ja ruwan zai ragu ya ɓata hoto. Na ce masa shekara ashirin muna ja bai ragu ba. Ya ce, "Malam Hamisu, ka yi haƙuri, wannan zango na farko ne. Naku yana zango na biyu." Na tambaye shi yaushe ne zango na biyu. Ya ce bayan na farko.

Ba ki ji ta Inna ba. Ta ɗauki kayan wanki kamar yadda ta saba, maigadi ya tare ta a ƙofa ya ce sai da tikiti. Yaron ba ɗan garin nan ba ne, bai san ta ba. Ta ce masa, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake wanki a nan." Ya ce shi dai abin da aka sa shi ke nan. Ta dawo gida ta ajiye kayan, ta yini a ɗaki. Ni da na ji sai na rasa inda zan sa kaina. Ni ne fa na durƙusa na miƙa takarda.

Yanzu duk gari an koma kududdufin Makera, mu da shanu. Kin san launinsa da rani. Mata na tace shi da ɗankwali su sa alim, duk da haka a ajina yara shida ba su zo ba wannan makon saboda ciwon ciki. Abin haushin, kamfanin ya haƙa rijiyar burtsatse sabuwa fil a cikin shingen, da famfo shida a jere, don baƙi su wanke ƙafa in sun fito daga kwale-kwale. Kana tsaye da jarka a waje kana kallon ruwa mai kyau yana malala a ƙasa.

Banɗaki ma sun gina, guda biyu, a ciki. Mutum ɗari biyar, banɗaki biyu. Saboda haka har gobe ana yi wa Inna sallama, ita kuma har gobe tana miƙa buta, da ruwan da ta ɗauko tun daga Makera.

Na sake rubuta takarda, na kai har ofishinsu a birni ranar Alhamis. Wani ya ce in dawo, mai sa hannu ya tafi taro. Na bi ta Makarfi na sayo miki raken da kike so, ga shi nan wurin Gambo, sanda huɗu ne, ki ƙirga, don na san halinsa.

Tumatir yana nan ina ba shi ruwa da jarka a bayan babur, safe da yamma. Rabin gonar na haƙura da shi. Kada ki sa damuwa a ranki, na faɗa miki ne don ba ni da wanda zan faɗa wa in ji sanyi.

Mijinki,
Hamisu.

*

Tudun Marke,
24 ga Fabrairu.

Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ina fata kowa lafiya. Ki gaida su Baba.

Na yi niyyar ɓoye miki wannan labari saboda halin da kike ciki. Amma Gambo yana wurin, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Gara ki ji daga gare ni. Ki zauna kafin ki karanta.

Ummulhairi matar Awwalu ta haihu jiya Lahadi. Tana raye, tana asibiti a Makarfi, an ƙara mata jini. Yaron bai zo da rai ba. Namiji ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Naƙuda ta kama ta tun safe. Da azahar Malama Firdausi ta ce abin ya fi ƙarfinta, jini yana zuba, a fita da ita yanzu-yanzu. Gambo ya kawo mota har ƙofa, muka sa ta. Muna isa kwalbati muka tarar da motoci biyu sun yi gaba da gaba a kansa, kowanne ya ƙi ja da baya. A bayan wannan layi, a bayan wancan layi har bakin titi. Da yawa masu motocin sun gaji da jira, sun kulle sun tafi kallon ruwa da makullansu a aljihu. Na ruga ƙofar Bulu Lek na roƙi a yi shela da lasifikarsu. Suna ta kiɗa. Kafin a nemo mai kashe kiɗan, a yi shelar, mutane su fito daga kwale-kwale, kusan awa guda ta wuce.

Da muka ga ba sarki sai Allah, muka ɗauko ta a katifa mu shida, za mu tsallaka rafin da ke ƙarƙashin kwalbatin da ƙafa. Awwalu yana gaba yana ta cewa a ba mu hanya, muryarsa ta dushe. Sai wata mata ta fito daga ɗaya daga cikin motocin da suka maƙale, ta tare mu. Ta ce ita likita ce daga Zariya, sunanta Dakta Khairunnisa, ta kawo 'ya'yanta kallo. Ta duba Ummulhairi nan a kan katifar ta ce ba za ta kai titi a haka ba, mu mayar da ita ɗakin shan magani.

Rahmatu, tana shiga ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu. Malama Firdausi ta nuna mata bokitin ruwan Makera. Matar nan ta dubi ruwan, ta dube mu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kamar ni na zuba masa ƙasa. Ta leƙo waje ta ɗaga murya ta ce duk mai ruwan roba a mota ya kawo. Wallahi suka yi ta kawowa, maza da mata, wasu da gudu, har ya taru a bakin ƙofa kamar an sauke kaya a kanti. Wani mai babbar riga ya cire ta ya shiga tura motoci da hannunsa. Mutanen nan ba mugaye ba ne. An kira su kallo ne, ba wanda ya gaya musu akwai mutane a bayan shingen.

Ta tsayar da jinin da ikon Allah. Yaron ne ba ta samu ba. Ta ce da an isa asibiti da wuri, wataƙila. Ba ta ƙarasa ba. Sai bayan la'asar hanya ta buɗe.

Mun binne shi kafin magariba. Awwalu bai yi kuka ba. Da muka dawo sai ya tsaya a kan kwalbatin yana auna faɗinsa da taku, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Na kama hannunsa muka tafi gida. Na san Baba Malam zai ce rai da ajali na Allah ne, kuma haka ne. Amma shi da bakinsa ya karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mu an ɗaure mana agwagwar roba an bar raƙumin.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da Baba Malam ya aiko a tafi da ke goyon ciki, raina ya ɓaci. Shekara shida muna jiran wannan rabo, na so a ce a ɗakinki za ki sauka, in ji kukan farko da kunnena. Har na gaya wa Inna cewa an raina mini gari. Jiya ina riƙe da gefen katifar nan ba abin da nake gani sai fuskarki. Ki ce da Baba na gode. Kada ki gaya masa dalili, ki ce dai na gode.

In kin ji ko da ɗan motsi ne, kada ku jira komai, ku tafi asibiti. Na roƙe ki.

Hamisu.

*

Tudun Marke,
10 ga Maris.

Zuwa ga Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na isar da ta'aziyyarki, Ummulhairi ta dawo gida, tana samun ƙarfi, ta ce ta gode da zanen. Ki gaida Baba Malam da Gwaggo.

An yi bikin buɗe Bulu Lek ranar Asabar, kuma zan gaya miki yadda aka yi ba tare da na gyara kaina ba.

Tun ana saura kwana uku aka share hanya, aka shafa wa duwatsun gefenta farar ƙasa. Har kwalbatin ma an yi masa fenti, fari da shuɗi. Shamsuddeen ya kawo mini jawabin maraba a buge da na'ura, ya ce ni zan karanta a madadin jama'ar gari. A ciki an ce muna godiya da aka fito da mu daga duhu zuwa haske. Mai Gari ya kira ni gefe ya ce, "Malam, don Allah kada a kunyata mu gaban manya. A bi a hankali, mai haƙuri shi ke dafa dutse." Na ce to. Amma a raina na ƙudura zan ajiye jawabinsu in karanta takardarmu, in faɗi abin da ya sami Awwalu. Har na yi ta gwadawa a aji bayan an tashi yara, ina yi wa bencina jawabi.

Ranar ta zo. Rumfuna, kujeru, 'yan sanda, masu ɗaukar hoto. Mu mutanen gari an ja mana igiya daga can baya. Mai farar hular nan ya zo, shi ne babban baƙo. Aka kira sunana. Na hau, takardarmu tana aljihun hagu, tasu tana hannuna. Na dubi manyan nan, na dubi Mai Gari yana share gumi, na tuna ni ma'aikaci ne, takarda ɗaya ta isa a jefa ni wani ƙauyen da ko babur ba ya zuwa, ga ki a wata tara. Rahmatu, na karanta tasu. Tun daga farko har ƙarshe, har da duhu da haske. Aka tafa mini. Ina saukowa muka haɗa ido da Awwalu a bayan igiya. Ya kawar da kai.

Aka yanke ƙyalle, aka zaga da babban baƙo a cikin agwagwa, aka dawo cin abinci. Talatu aka ba aikin masar manya, don sun ce baƙi na son abincin gargajiya. Ya ci sosai, har ya yaba. Da ya gama sai ya miƙa hannu a zuba masa ruwa. Talatu ta taho da tasa an rufe da faifai, ta durƙusa har ƙasa, ta buɗe. Ruwan Makera ne, ja wur, har da ɗan gansakuka a sama.

Ya janye hannu ya ce mene ne wannan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne. Shi muke sha tun da aka sa waya. Masar da ka ci dai da na roba na dama, don kai baƙo ne. Na ce bari ka ga namu, kada ka tafi ba ka ga gari ba."

Ba ta ɗaga murya ba, kanta a ƙasa. Sai na ga wayoyi sun tashi sama ta ko'ina. Babban baƙo ya juya ya dubi Shamsuddeen, shi kuma ya fara zancen zango na biyu. Talatu ta ce, "A zango na farko dai muka binne ɗan Awwalu." Ta ɗauki faifanta ta tafi, ta bar masa tasar a gabansa.

A nan ne ƙafafuna suka tuna aikinsu. Na fito da takardarmu na miƙa masa a gaban kowa. Wannan karon ya buɗe, don ana ɗaukarsa hoto. Ya goge hannu da hankici, suka tashi ba a yi addu'ar rufewa ba.

Washegari aka ɗage rumfar Talatu daga bakin ƙofar, wai tana tare hanya. Matar da ta fi kowa samu da zuwan baƙin nan, ita ta saka abincinta a wuta saboda mu. Ni kuma an cire ni daga kwamiti, wai ni na kitsa mata. Kin ji fa. An hukunta ni a kan jaruntar da ban yi ba. Na je na gaya wa Mai Gari gaskiya cewa ban san komai ba, ya ce shi ma ya sani, ai ya ga yadda na karanta jawabinsu ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Na je gidan Talatu in ba ta haƙuri, na tarar tana wanke tanda. Ta ce, "Malam, kai kana da aikin da za a ƙwace. Ni tanda ce, duk inda na ajiye ta wuta za ta kama." Na fito ban san ko lallashina ta yi ko zagina ba.

Ban san yadda za ki kalle ni ba bayan kin karanta wannan. Na ga dai gara ki san mijin da kike da shi.

Naki duk da haka,
Hamisu.

*

Tudun Marke,
22 ga Maris.

Zuwa ga maijego,

Assalamu alaikum. Barka, barka, barka da arziki. Yaya jikin, yaya ruwan zafi? Yaya baƙuwarmu, ta bar ki kin runtsa? Ki gaida Gwaggo da aiki, Allah ya saka mata. Ki gaida Baba Malam.

Jiya da na zo ganinku ɗakin cike yake da mata, ban iya ce miki komai ba sai sannu. Da aka miƙo mini ita na yi mata huɗuba. Inna ta ce hancina ne. Ni dai na ga goshinki. Maganar da kika aiko Gambo da ita kuwa ta iso, cewa matsoracin da ya faɗi gaskiya a takarda ya fi wanda ya ɓoye. Ban sani ba ko yabo ne, amma na karɓa.

Ga labarin gari a gurguje. Hoton Talatu da tasarta ya zaga waya fiye da na ruwan. Ranar Laraba sai ga ma'aikata sun jawo bututu daga rijiyar cikin shinge, sun kafa mana famfo a waje. Guda ɗaya. Sun kafa allo a kansa mai cewa kyauta ce ga al'umma, allon ya fi famfon tsawo sau uku. Injinan ban ruwa har yanzu suna zango na biyu. Tumatirinmu ya ƙone, kwando bakwai na tsira da shi, amma ragon suna ya samu, kada ki damu. Ɗakin shan magani yana nan da fitilar waya. Talatu ta koma gindin marken bakin kasuwa, baƙi na tambayar inda take tun daga titi, har layi suke yi.

Kwalbati kuma mun gaji da jira. Dakta Khairunnisa ta haɗa kai da wasu abokan aikinta sun aiko da siminti da rodi, muka kira gayya. Awwalu ne ya fara zuwa da shebur. Jiya da na dawo daga wajenku na tarar da su suna aiki, na tuɓe riga na shiga. Muna cikin haƙa ya miƙo mini kwanon sha ya ce, "An ce mace ce. Allah ya raya." Ita ce maganar farko da ya yi mini tun ranar biki. Sai na yi kamar ƙasa ce ta shiga mini ido. Shamsuddeen ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce in mun gama za su taimaka da fenti.

Ga jarka nan wurin Gambo, na ɗaure bakinta da leda. Ruwan sabon famfon ne. Na san Likoro ba ku rasa ruwa ba, kuma na san Gwaggo za ta yi mini dariya. Amma tun bayan sallar asuba na kama layi, ni ne na arba'in da uku, ban samu ba sai da rana ta take. A tafasa a yi wa yarinyar wanka da shi ko sau ɗaya ne. Ruwan garinsu ne, ba kyauta aka ba ta ba.

Sai na zo suna. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana ita.

Mijinki mai ƙaunarki,
Hamisu.